Gasar Golf ta Dattawa a Birtaniya: Filin da Ba a Shiga Sai da Shekara Hamsin

Mai karatu, in aka ce maka ɗan wasa ya cika shekara 50 da haihuwa, abin da zai fara zo maka a rai shi ne mutumin ya daɗe da rataye kayan wasa. Ɗan tamola mai waɗannan shekaru, in ya yi sa'a ya zama mai horar da yara, in kuwa bai yi ba sai dai a riƙa nuna shi a cikin gari ana cewa ga wane can, da can ya yi tashe. Haka yake ga ɗan kokowa, wanda ya kai hamsin ya riga ya koma gefen fili yana kallon ƴaƴan abokansa suna neman takobi. To amma akwai wani wasa a ƙasashen Turawa wanda a cikinsa ranar da mutum ya cika shekara 50 rana ce ta murna, domin a ranar ce ake buɗe masa wata sabuwar ƙofa ta neman suna da neman abinci. Wasan shi ne golf, kuma babban dandalin dattawansa a nahiyar Turai shi ne gasar da ake kira Senior Open, wadda ake yi a Birtaniya a ƙarshen watan Yuli na kowace shekara, mako guda bayan babbar gasar Open ta kowa da kowa.

Tun da yake golf ba wasan da aka saba gani a unguwanninmu ba ne, bari mu ɗan fayyace yadda yake. Fili ne makeken gaske mai ramuka 18, kowane rami faɗin bakinsa bai wuce santimita 11 ba, kuma tsakanin wurin da ake fara bugu da ramin akan sami mita ɗari da wani abu har zuwa mita ɗari biyar. Ɗan wasa yana bugun wata ƴar ƙwallo mai tauri da sanda, ya bi ta, ya sake bugu daga inda ta tsaya, har sai ta faɗa rami. An yarda ya riƙe sanduna har 14 a cikin jaka, kowace da aikinta, akwai ta bugun nesa, akwai ta fitar da ƙwallo daga rairayi, akwai ta gangara ƙwallo a hankali idan an zo dab da rami. Jakar kuwa wani ne yake ɗauke masa ita, yana kuma ba shi shawara. Abin da ya bambanta golf da sauran wasanni shi ne wanda ya fi ƙarancin bugu shi ne ya ci. Kowane rami yana da adadin bugun da aka ƙayyade masa, uku ko huɗu ko biyar, shi ya sa za ka ji an ce wane ya gama da bugu kaza ƙasa da ƙa'ida, ko sama da ita.

A gasar Senior Open kwana huɗu ake yi, ramuka 72 ke nan. Ƴan wasa wajen 144 suke farawa, bayan kwana biyu a sallami kimanin rabinsu, waɗanda suka rage su ne suke raba kuɗin lada. Yawancin filayen da ake yin ta a bakin teku suke, a bisa tuddan rairayi inda babu itatuwan da za su tare iska, ga kwaruruwan rairayi masu zurfi da aka haƙa da gangan don su kama ƙwallon wanda ya yi kuskure. Matashi mai ƙarfi yana iya aika ƙwallo nesa, amma a irin wannan fili iska ce take da magana ta ƙarshe, kuma sanin yadda za a yi da ita abu ne da shekaru suke koyarwa.

Yadda aka faro

Amurkawa ne suka fara gane cewa tsofaffin ƴan golf haja ce mai kasuwa. Tun a shekarar 1937 suka ƙirƙiro gasar Senior PGA, wadda aka fara yi a filin Augusta, amma ta daɗe tana zaman taron tsofaffin abokai kawai. Al'amarin ya canza a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da wata gasar tsofaffin gwanaye da aka nuna a talabijin ta ja hankalin ƴan kallo fiye da yadda aka zata. A 1980 aka kafa jerin gasannin dattawa na Amurka, aka kuma fara gasar US Senior Open, wadda Roberto De Vicenzo ɗan ƙasar Ajantina ya ci. A wannan karo na farko sai mai shekara 55 ne yake shiga. Shekara na zagayowa aka sauke iyakar zuwa 50, abin da ya ba Arnold Palmer, mutumin da Amurkawa suka fi ƙauna a wannan wasa, damar shiga, ya kuma cinye gasar ta 1981. Daga nan kamfanoni suka fara zuba kuɗi.

Turai ta biyo baya a 1987, inda aka yi Senior Open ta farko a filin Turnberry na ƙasar Sikotilan. Neil Coles ɗan Ingila ne ya ci, mutumin da aka sani da tsoron jirgin sama, abin da ya hana shi yawan zuwa Amurka a lokacin ƙuruciyarsa. Wanda ya ɗaga darajar gasar a shekarunta na farko shi ne Gary Player na Afirka ta Kudu, ɗan mai aikin haƙar zinariya a Johannesburg, wanda ya ci manyan gasanni tara yana matashi. Ya ɗauki kofin dattawa a 1988 da 1990, sannan ya ƙara a 1997 yana da shekara 61. Duk da haka Amurkawa sun daɗe suna yi wa gasar kallon hadarin kaji, sai a 2003 suka amince suka sa ta cikin manyan gasannin dattawa, waɗanda a yau guda biyar ne, kuma ita kaɗai ce ake yi a wajen Amurka. Player ya yi shekaru yana ƙorafin cewa ba a lissafa masa nasarorinsa uku a matsayin manya ba, sai a 2018 aka share masa hawaye.

Ranar da wanda ba a sani ba ya kada manya

Wanda ya duba jerin sunayen ƴan wasan zai iya cewa taron tsofaffin attajirai ne da suka zo motsa jini, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Amma rabin filin mutane ne da ba su tara komai ba a zamanin ƙuruciya, waɗanda suka ƙare rayuwarsu suna koyar da masu kuɗi bugun ƙwallo ko suna sayar da sanduna a kantin fili. Ga irin waɗannan, mako guda na watan Yuli yana iya canza sauran rayuwarsu.

Misalin da aka fi tunawa shi ne na Pete Oakley a 2004. Ba'amurke ne mai shekara 55 daga jihar Delaware, malamin golf wanda ko a ƙasarsu ba kowa ya san sunansa ba. Ba ya cikin waɗanda aka ba wuri kai tsaye, sai da ya bi ta wasan share fage kafin ya sami shiga filin Royal Portrush na Ayalan ta Arewa. Ranar ƙarshe, a rami na ƙarshe, yana gaba da bugu ɗaya tak, ƙwallonsa ta faɗa kwarin rairayi. Ya fitar da ita ta tsaya kimanin mita uku daga rami, ya gangara ta ta shige. Waɗanda ya bari a baya su ne Tom Kite, wanda ya taɓa cin US Open, da Eduardo Romero na Ajantina. Oakley ya tafi gida da kusan dala 300,000, da izinin shiga gasannin dattawa na Amurka, da kuma kujera a babbar gasar Open ta 2005 a St Andrews, domin al'adar ita ce wanda ya ci ta dattawa ana gayyatarsa ta kowa da kowa a shekara mai zuwa. Bai sake yin wata nasara mai girman wannan ba, amma sunansa yana jikin kofi ɗaya da na Gary Player.

Shekara guda kafin haka, wani ya ga samu ya ga rashi. Carl Mason ɗan Ingila, wanda ya yi shekara ashirin yana fafutika a gasannin Turai kafin ya ci ta farko a 1994, ya iso ramin ƙarshe a Turnberry yana gaba da bugu biyu, wata guda kacal bayan ya cika hamsin. Nan ya ɓarar da su duka biyun, aka tafi bugun raba gardama, Tom Watson ya kada shi. Mason bai taɓa ɗaukar wannan kofi ba, amma daga baya ya ci gasanni 25 a jerin dattawan Turai, adadin da ya kafa tarihi. Mutumin da ya ci biyu kacal a manyan gasannin Turai kafin hamsin, ya ci 25 bayanta.

Watson da Turnberry

Shi kuwa Tom Watson labarinsa daban ne. Ba'amurke ne da mutanen Sikotilan suka ɗauka kamar ɗansu, saboda ya ci babbar gasar Open har sau biyar tsakanin 1975 da 1983, huɗu daga ciki a ƙasarsu. Nasararsa ta 2003 ta zo masa cikin baƙin ciki, domin mai ɗaukar masa jaka na shekara da shekaru, Bruce Edwards, yana fama da wata cutar jijiyoyi marar magani wadda ta hana shi zuwa, ta kuma yi ajalinsa a watan Afrilu na 2004. Watson ya sake cin Senior Open a 2005 da 2007.

Abin da ya sa ba za a manta da shi ba ya faru ne a 2009, kuma a gasar matasa ya faru. Yana da shekara 59, watanni tara bayan likitoci sun canza masa ƙashin ƙugu, ya shiga babbar Open a Turnberry, ya tsaya a ramin ƙarshe na ranar ƙarshe yana gaban duk samarin duniya da bugu ɗaya. Bugunsa na biyu ya tafi sak, amma ƙwallon ta dira da ƙarfi ta gangare bayan dandalin ramin. Ya turo ta ta wuce da kamar mita biyu da rabi, ya sake turawa ba ta shiga ba. A bugun raba gardama ƙafafunsa sun riga sun gaji, Stewart Cink mai shekara 36 ya ɗauke kofin. A ganina wannan rashin nasara ta yi wa gasar dattawa amfani fiye da kowace talla, domin tun daga ranar bakin masu cewa wasan tsofaffi wasan yara ne ya mutu. Shekara 12 bayan haka, a 2021, Phil Mickelson ya ci babbar gasar PGA yana da shekara 50.

Bajamushen da ya ƙi tsufa

Idan ana maganar Senior Open, duk inda aka zaga sai an dawo kan Bernhard Langer. An haife shi a 1957 a ƙauyen Anhausen na kudancin Jamus, mahaifinsa magini ne, kuma ya shiga golf ne ta hanyar dakon jakar masu kuɗi tun yana yaro ƙarami don ya sami ƴan sulalla. Ya ci gasar Masters a 1985 da 1993, kuma shi ne mutum na farko da aka ba lamba ɗaya lokacin da aka ƙirƙiro jerin gwanayen duniya a 1986. Duk tsawon aikinsa yana fama da wata lalura da ƴan golf suke tsoro kamar mutuwa, wato rawar hannu da take kama mutum idan ya zo tura ƙwallo daga kusa, har ya kasa jefa ta a ramin da yaro zai iya. Ya canza riƙon sanda sau da dama, a ƙarshe ya koma ga wata doguwar sanda da yake jingina kanta a ƙirjinsa. A farkon 2016 hukumomin wasan suka haramta jingina sanda a jiki, mutane da yawa suka ce ta Langer ta ƙare. Sai ya ɗan janye hannunsa daga ƙirji ya ci gaba da cin kofuna, har wasu abokan wasansa suka riƙa gunaguni cewa a duba shi da kyau, hukuma kuma ta ce ba ta ga laifi ba.

Ya ci Senior Open sau huɗu, a 2010 da 2014 da 2017 da 2019, kuma babu wanda ya kai shi. A 2010 ya ɗauki kofin a Carnoustie ranar Lahadi, ya hau jirgi ya tsallaka teku da faɗin Amurka zuwa kusa da birnin Seattle, Lahadi ta gaba ya ɗauki US Senior Open. A 2014 a filin Royal Porthcawl na yankin Wels ya ba na biyu, Colin Montgomerie, ratar bugu 13, wanda a golf tamkar a ce an ci ƙungiya goma da nema ne a wasan ƙarshe.

Sai dai ita ma wannan nasara tana da tushe a cikin wani abin kunya. Shekara guda kafin nan, a Royal Birkdale, Langer ya zo ramin ƙarshe yana gaba da bugu biyu, ƙwallonsa ta faɗa rairayi, ya buga ta ƙi fita, abin da da wuya ka ga gwani ya yi. Aka shiga raba gardama da Mark Wiebe, duhu ya raba su, aka dawo da safiyar Litinin Wiebe ya ci a rami na biyar.

A watan Yuli na 2023, yana da shekara 65, Langer ya ci gasarsa ta 46 a jerin dattawan Amurka, ya wuce Hale Irwin mai 45. A watan Fabrairu na 2024 jijiyar agararsa ta tsinke, aka yi masa aiki, ya dawo fili bayan wata uku, ya kuma ci ta 47 a watan Nuwamba na shekarar.

Waɗanda ƙofar ta buɗe wa a makare

Akwai wani abu a jerin waɗanda suka ci Senior Open da ya kamata ɗan Afirka ya lura da shi. Daga cikin gasanni 11 na farko, biyar ƴan Afirka ta Kudu ne suka ɗauka: Player sau uku, surukinsa Bobby Verwey a 1991, da John Fourie a 1992. Dukkansu farar fata ne, kuma har zuwa gasar 2025 babu baƙar fata ko ɗaya da ya ɗauki wannan kofi. Dalilin a fili yake, wanda zai yi gwaninta yana da hamsin sai ya sami fili yana da ashirin, kuma a zamanin wariyar launin fata aikin baƙi a filin golf shi ne dakon jaka. Vincent Tshabalala, wanda ya koyi wasan ta wannan hanya, ya je ya ci gasar Open ta Faransa a 1976, amma dokokin ƙasarsa sun hana shi gogayya da fararen a shekarun da yake kan ganiyarsa. Ko da ya shiga gasannin dattawan Turai, mafi kyawon shekarunsa sun wuce.

A Amurka ma haka aka yi. Ƙungiyar ƙwararrun ƴan golf ta ƙasar tana da doka a rubuce cewa farar fata kaɗai ne zai zama ɗanta, ba a soke ta ba sai a 1961. Charlie Sifford, baƙar fata na farko da ya sami cikakken izinin wasa, yana dab da shekara 40 a lokacin. Duk da haka ya ci gasa a 1967 da 1969, sannan ya ɗauki kofin Senior PGA a 1975. Da aka zo shigar da shi zauren gwanayen golf na duniya a 2004, Gary Player ya zaɓa ya gabatar da shi, mutumin da a shekarun 1960 ya taɓa rubuta goyon bayansa ga tsarin mulkin ƙasarsa kafin daga baya ya canza ra'ayi.

Kuɗi da ƙurewar lokaci

Ladan gasar ba ya kusa da na matasa. A 2024 wanda ya ci Senior Open ya sami sama da dala 400,000, wato fiye da miliyan 250 na kuɗin CFA, alhali wanda ya ci babbar Open mako guda kafin nan ya karɓi dala miliyan 3.1. Amma wanda aka sallama bayan kwana biyu shi ya san yadda zai yi da kuɗin jirgi da na masauki da na mai ɗaukar jaka. Ga kuma lokaci da yake ƙurewa da sauri, domin kowace shekara sababbin ƴan hamsin suna shigowa da sauran ƙarfinsu, kuma galibin kofuna waɗanda ba su wuce 55 ba ne suke kwashe su. Irin su Player da Langer da suka ci bayan sittin ana ƙirga su da yatsun hannu.

A 2018 aka kai gasar tsohon filin St Andrews a karon farko, Miguel Angel Jimenez na Ispaniya ya kada Langer da bugu ɗaya. A 2020 annobar korona ta hana a yi ta. Gasar 2023 a Royal Porthcawl ita ce ta fi nuna halin waɗannan filaye, ruwa da iska suka yi wa dattawan dukan kawo wuƙa har babu wanda ya gama ƙasa da ƙa'ida. Alex Cejka, wanda mahaifinsa ya gudu da shi daga Cekoslobakiya ta ƴan gurguzu yana da shekara tara suka sami mafaka a Jamus, shi ne ya ci da bugu biyar sama da ƙa'ida, bayan ya kada Padraig Harrington na Ayalan a raba gardama. A 2024 K.J. Choi ya zama ɗan Koriya ta Kudu na farko da ya ci ɗaya daga manyan gasannin dattawa. Harrington kuwa, wanda ya zo na biyu a 2022 da 2023, ya samu nasa a 2025 a filin Sunningdale kusa da Landan, ya zama mutum na biyar da ya haɗa kofin Open da na Senior Open, bayan Gary Player da Bob Charles da Tom Watson da Darren Clarke.